Ranar da Aka Mai da Hajaratu Mai Wanki

Tunda nake da Hajaratu, rigima ɗaya na taɓa gani ta sha ƙasa a cikinta, ita ma akuya ce sanadi.

Tana da wata 'yar magarya a bayan ɗakinta, jikin danga, wadda take lallaɓawa fiye da yadda ta lallaɓi mijinta, Allah ya ji ƙansa. Maƙwabcinta kuwa Maishanu ne, wanda sunan kawai ya gada, don ko ɗan maraƙi ba shi da shi, sai wasu awaki masu idon ɓarayi. Wata safiya awakin suka cusa kai ta danga suka yi wa magaryar aski tas. Hajaratu ta ɗaure ƙugu da gyale ta nufi gidan mai unguwa. Na bi ta a baya. Ba taya ta zan yi ba, ba na son a ba ni labari ne.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ganyen nan ba na miya ba ne. Da shi nake yi wa matan unguwar nan wankansu na ƙarshe. Yanzu in an kira ni, da me zan je? Da kashin awakin Maishanu?"

Maishanu ya durƙusa, ya cire hula, ya yi fuskar mutumin kirki. Ya ce da irin Hausarsa, "Allah ya ba ka nasara, akuya ya ci, ban musa ba. Tambaya ɗaya zan yi wa Goggo. Cikin waɗanda yake wankewa, wa ya taɓa dawowa ya ce ganye bai ishe shi ba?"

Mai unguwa ya tura fuska cikin hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Hajaratu ta galla wa Maishanu harara. Hukuncin da aka yanke shi ne ta kewaye magaryar da ƙaya, itacen da shi kansa ƙaya ne tun daga ƙasa har sama. Har muka iso gida tana ta ƙunƙuni, tana tsara amsoshin da ya kamata ta ba shi, kowace ta fi 'yar uwarta daɗi. Na ce, "Bazazzagiya, ajiye su, an tashi daga shari'a."

To, ita ce matar da nake son in ba ku labarinta, kuma raina a ɓace yake, gara ku sani tun yanzu.

A unguwar Barade ta nan Jalingo aka haife ta. Kakanta ɗan Zariya ne da ya zo da keken ɗinki ya ƙi komawa, kamar yadda nawa kakan ya zo daga Kano da buhun kanwa ya ƙi komawa. Shi ya sa ni da ita tun muna 'yan mata ba ma gaisawa sai da zagi. Ta yi aure, ta haifi na haifa, ta binne na binnewa, mijin ya rasu ya bar ta da ɗaki biyu da tukunyar kunu. Kunun gyaɗarta kuwa, duk wanda ya rayu a unguwar nan a wancan lokaci ya san shi. Da azumi sai kin aika kwano tun azahar.

Wankan gawa ba gadonsa ta yi ba. Wata rana motar kasuwa da ta taso daga garin Mutum Biyu ta sauke wata baƙuwa a bakin titinmu, ba ta da lafiya, ba wanda ya san ta, Hausarta ma kaɗan ce. Abin da aka iya tsinta a bakinta kalmar shahada ce kawai, kafin la'asar ta cika. Maza suka haƙa kabari, suka sayo likkafani, suka tsaya suna jiran mata. Mata kuwa kowace ta tuna tana da tuwo a kan wuta. Tsohuwar da ke yin aikin a lokacin idonta ya tafi, ta ce ita dai za ta iya faɗa, amma hannu take nema. Hajaratu ta ajiye ludayi ta ce, "Mu je, Inna, ki faɗa in yi." Daga ranar ba ta sake fita daga aikin ba. Gashinta baƙi ne wuluk a lokacin, yau ko sili ɗaya baƙi babu.

Kun san ladan da unguwa ta fara biyan ta da shi? Aka daina sayen kununta. Ba wanda ya fito ya faɗa. Kwanuka ne suka riƙa raguwa, yau babu na gidan wane, gobe babu na gidan wance, har ta wayi gari tana dama kunu tana shanyewa ita da jikokinta. Hannun da ya wanke uwayenku shi ne ya zama abin ƙyama, sai ka ce mutuwa a farcenta take maƙale. Ta kife tukunya ta koma sayar da gawayi, don shi gawayi ba wanda ke tambayar wa ya taɓa shi. Ni na ci gaba da cin abincinta, kuma ga ni nan, na binne da yawa daga cikin masu ƙyamar.

Tana da wani kwando da ke rataye a bayan ƙofa, kullum a shirye: sabulu, kafur, garin magarya a ƙulle, safar hannu, almakashi, allura da zare. In aka yi sallama aka ce wance ta rasu, ba ta tambayar 'yar gidan wa ce. Ta shiga gidan masu bene, ta shiga ɗakin haya da ruwa ke zuba ta sama. Shekarar amai da gudawa, lokacin da 'ya ke tsayawa daga bakin ƙofa tana leƙen uwarta, Hajaratu ce ke shiga. An taɓa ɗaukar ta a bayan babur har garin Lau, don wata tsohuwa ta bar wasiyya cewa ita take so. Ta dawo ƙugu a riƙe, sati guda tana tafiya kamar agwagwa.

Na taɓa riƙe mata buta, shi ya sa na san yadda take yi. Magana take yi wa mamaciyar a hankali, kamar mai jinya. "Sannu, Adda, zan juya ki dama. Yi haƙuri, ruwan da ɗan sanyi." Ta rufe ta ruf, ba ta barin ido ya ga abin da mai shi ba ta yarda a gani ba tana da rai. Ta tsefe mata kai, ta yi mata kitso. In ta fito kuwa, bakinta ya kulle ke nan. Matar nan da za ta iya kwana tana ba ki labarin rigimar akuya, ba ta taɓa gaya mini ko tabo ɗaya da ta gani a jikin wata ba. Na sha latsa ta, don ni ba waliyyiya ba ce. Sai ta ce, "Bakanuwa, je ki nemi gulma wurin masu rai." In an miƙo mata wani abu a ƙulle a bakin zane, sai ta ture ta ce a saya wa marayu abinci.

Matsalar ita ce gwiwa. Gawa ba ta juyuwa da mutum ɗaya, balle tsohuwa mai gwiwa kamar ɓawon gyaɗa. Zulai, wadda ta daɗe tana kama mata, ɗanta ya ɗauke ta ya mai da ita Mutum Biyu. Tun daga nan Hajaratu ta shiga neman wadda za ta koya, ko da mace ɗaya ce. Ta bi Islamiyyar matan aure, ta bi gidajen suna, ta bi gidajen biki har aka fara sauya wurin zama in an hango ta. Amsar ɗaya ce: wannan tana da tsoro, wannan mijinta ba zai bari ba, wannan tana mafarki. Ranar da aka yi rasuwa a layin bayanmu, sai da ta zauna a gaban gawa tana jiran a samu mai ƙarfin halin da za ta riƙe mata kafaɗa, maza na waje rana na dukansu. Ta dawo ta zauna a kan buhun gawayi ta ce mini, "Ba mutuwata nake tsoro ba. Washegarinta nake tsoro."

Ana cikin haka sai ƙungiyar ci gaban unguwa ta ce za ta karrama 'yan sa kai. Shugabar ɓangaren mata, Hajiya Najiba, ta zo da kanta har ƙofar gida, ta tsaya nesa da gawayi don kada leshinta ya yi baƙi, ta ce an zaɓi Goggo. Hajaratu ta ce ba ta so, ita ba don a tafa mata take yi ba. Sai Najiba ta ce ai duk wanda aka karrama za a ba shi makirfo ya yi 'yar magana. Nan idon Hajaratu ya buɗe.

"Matan unguwa za su zo?"

"Gaba ɗayansu, Goggo. Har da na Sabon Gari."

"To zan zo."

Kwana da kwanaki tana haddar abin da za ta faɗa. A kaina take gwadawa, ina kwance a tabarma ina gyara mata. Magana ce gajera: na tsufa, aikin nan wajibi ne a kanmu duka, in wasu sun yi an sauke wa kowa, in ba wanda ya yi kowa ya ɗauki zunubi, ina neman mata su zo in koya musu tun ina iya tsayawa. Ta ciro atamfarta ta ƙasan akwati. Har lalle ta sa.

Ranar taro aka kafa rumfuna a filin makarantar firamare, aka jera kujerun roba, manyan baƙi a gaba da ruwan gora. An karrama 'yan sintiri, sun cancanta. An karrama samarin da ke yashe magudanar ruwa kafin damina, da wani bawan Allah da ke ba da jini duk lokacin da aka nema, da masu ba da hannu a mararraba ranar Juma'a. Kowa aka faɗi aikinsa da sunansa, aka ba shi makirfo, ya gode wa Allah ya gode wa shugaba. Wani ma sai da aka ƙwace makirfon daga hannunsa.

Sai mai gabatarwa, wani saurayi Ukasha mai murya kamar rediyo, ya ɗaga wani allo mai walƙiya ya karanta: "Goggo Hajaratu, wadda ta shafe shekaru tana yi wa matan unguwar nan wanki kyauta, ba dare ba rana."

Na ce kunnena ne. Na juya wurin ta kusa da ni na ce, "Me ya ce?" Ta ce, "Wanki." Kafin in haɗiye wannan, sai ga 'yan mata biyu sun fito da kyautar: babbar robar wanki, katan ɗin sabulu, da dutsen guga na lantarki an ɗaura masa kintinkiri ja.

Aka tafa. Baƙin da ba su san ta ba suka tafa da gaske, suna gyaɗa kai, wai ga tsohuwa mai zuciya. Wata mata a bayana ta taɓo ni ta ce, "Baba, don Allah tana karɓar barguna?" 'Yan unguwa kuwa, waɗanda ta rufe wa uwa, ta rufe wa 'ya, suka tafa su ma, ido a ƙasa. Ko mutum ɗaya bai miƙe ya ce a gyara ba.

Hajaratu ta tako a hankali, ta karɓi allon, aka ɗauki hoto. Ta miƙa hannu wajen makirfo. Ukasha ya ja da baya, ya kalli Najiba, ya ce saboda ƙurewar lokaci za a wuce kai tsaye zuwa ga abinci. Kiɗa ya tashi. Aka bar ta tsaye a tsakiyar fili, hannu a miƙe, da lallenta, da atamfarta. Sai da wata yarinya ta kama ta ta mai da ita kujera.

Ni ban san lokacin da na isa bayan rumfa ba, inda mata ke raba robobin shinkafa. Gwiwata ma ta manta tana ciwo. Na sami Najiba tana ba da umarni.

"Hajiya, zo nan. Yaushe Hajaratu ta zama mai wanki?"

"Haba Baba, tuntuɓen harshe ne. Kin san Hausarmu ta Jalingo, wanka, wanki, duk ɗaya muke jin su."

Wannan ita ta ƙara tunzura ni. Gaskiya ne a garin nan muna ce wa mace ya zo, mu ce wa namiji ta tafi, ba wanda ya damu. Amma ban taɓa ganin wanda ya shiga bayi da niyyar wanka ya fito da riga a jiƙe jiki a bushe ba. Mumuye ya san bambancin, Bafulatani ya sani, Jukun ya sani. Kada a ɗora wa Hausar mutane laifin da ba nata ba.

Na ce, "Tuntuɓen harshen ne ya je wurin mai rubutu ya sa aka zana a allo? Shi ne ya shiga kasuwa ya zaɓo dutsen guga, har da kintinkiri?"

Mata suka fara matsowa, kowace da roba a hannu. Najiba ta rage murya. Ta ce in fahimce ta. Taron farin ciki ne, ga manyan baƙi, ga abinci za a ci, ba ya kyautuwa a ambaci gawa a lasifika. Babban baƙo ma bai daɗe da tashi daga jinya ba. Sun zauna a kwamiti sun ga cewa in an ce wanki, 'yan unguwa za su gane abin da ake nufi, baƙi kuma ba za a tayar musu da hankali ba. Makirfo kuwa, ai an san abin da Goggo za ta faɗa, ta faɗa a kowane gidan suna. Girmamawa dai an yi mata, wa aka taɓa yi wa haka a masu irin aikinta?

Ku ji fa. Sun zauna. Da ma kuskure ne da na haƙura, kowa na yi. Amma mutane ne da hankalinsu suka zauna a kan kujera, suka sha lemo, suka yanke cewa aikin matar nan ya isa a ba shi allo, bai isa a ambaci sunansa ba. Suna son hotonta a jikin bango, ba sa son abin da hannunta ke taɓawa. Kuma abu ɗaya tak da ya fito da ita daga gida, 'yar maganar da ta yi kwanaki tana hadda, shi suka hana ta, don kada shinkafa ta ƙi wucewa a maƙogwaron babban baƙo. Shi babban baƙon, in ya kwanta dama, injin wanki za a saka shi?

Na faɗi wannan, na faɗi waɗanda suka fi shi, waɗanda ba zan rubuta ba don jikokina na karatu. Mata suka rabu biyu. Wasu na cewa Hajiya ta yi dabara, wasu na cewa an ci fuska. Wata ta ce a mayar musu da allonsu. Wata ta ce ai sabulun zai yi amfani ko ta wace hanya. Hayaniya ta kai har masu kiɗa suka fara leƙowa.

Allon dai ba a gyara shi ba har yau, yana jingine a bayan buhunan gawayi, fuska a bango. Dutsen guga yana wurina, wutar da za a sa shi ce ba mu gani ba. Babu wanda ya zo ba da haƙuri. Abin da ya canja ɗaya ne. Washegarin taron da hantsi wata mai sayar da awara, Sa'adatu, wadda ke cikin masu raba shinkafa a bayan rumfar, ta yi sallama a gidan Hajaratu ta ce tsoro tana ji, amma a fara nuna mata aikin a jikin matashin kai. Yanzu ita ke riƙe kafaɗa, Hajaratu na faɗa. Mace ɗaya ce a unguwa guda, kada wani ya ce mini in yi guɗa. Amma gawa na juyuwa da mutum biyu.

Ba zagina ne ya kawo Sa'adatu ba, ko da yake na so a ce shi ne. Abin da ta ji ne a ƙarshen hayaniyar nan. Muna tsaka da ita sai ga Hajaratu ta zagayo bayan rumfa, tana jan ƙafa, robar wanki a hannu. Aka buɗa mata hanya. Najiba ta yi saurin tarar ta da murmushi, ta ce, "Goggo, ke dai kin fahimce mu ko? Gaya wa ƙawarki ta bar maganar nan. Wanka da wanki, duk ba tsafta ba ce?"

Hajaratu ta ajiye robar a gabanta. Ba ta ɗaga murya ba, da irin muryar da take yi wa mamata magana ta yi.

"Tsafta ce, 'yata. Ni na kusa tafiya, kuma ba wadda na koya wa. Tunda kun ce a unguwar nan mai wanki ce kawai ake da ita, to ki bar wasiyya tun da wuri, kada 'ya'yanki su rikice ranar. Da sitaci za a yi miki, ko a shanya ki haka nan?"